Daga Sarkin Ruwa zuwa Takardar Izini: Tarihin Dokokin Su a Fadamar Gulbin Maraɗi

1.0 Gabatarwa

Garin Sarkin Yamma yana yamma da birnin Maraɗi, a ƙetaren fadamar Gulbi, cikin gundumar Madarunfa. Noma da kiwo su ne manyan sana'o'in mutanensa, ba su ba. Sai dai duk ƙasar da gulbi ke malala a cikinta da damina, ya bar tafkuna da rani, ba ta rasa dokar kamun kifi, ko an rubuta ta ko ba a rubuta ba. A wannan maƙala za mu bi sawun wannan doka tun kafin zuwan Turawa. Abin da muke son nunawa shi ne, dokar gargajiya ta tsare lokaci, dokar gwamnati ta tsare mutum da kayan aikinsa, amma shi ruwan da kifin ke rayuwa a ciki ya kuɓuce wa dokokin biyu.

2.0 Gulbi da tafkunansa

Gulbin Maraɗi ya taso ne daga arewacin Nijeriya, inda ake kiran sa Gada. Yana shigowa Nijar bayan ya wuce Jibiya, ya ratsa ƙasar Madarunfa, Maraɗi da Tibiri, sannan ya koma Nijeriya ya faɗa kogin Rima. Da damina kaɗai yake gudu. Idan ya cika ya tumbatsa, sai kifi ya bi ambaliya ya shiga fadama, ya yi ƙwai cikin ciyawa. Idan ruwa ya janye, sai a bar shi a tsare cikin tafkuna da ƙududdufai. Mafi girmansu shi ne tafkin Madarunfa, wanda ke riƙe ruwa har rani, inda ake samun karfasa, tarwaɗa, ragon ruwa da giwan ruwa. Ƙananan tafkuna kuwa sukan ƙafe, gaiwa ta shige laka ta jira wata damina.

Ke nan arzikin kifi a wannan yanki ya rataya ne a kan abu guda, wato ambaliya. Ita ce ta rushe tsohon birnin Maraɗi a 1945 har aka mai da gari kan tudu, ita ce kuma ke cika tafkuna kowace shekara.

3.0 Dokar sarkin ruwa

Lokacin da Katsinawa suka kafa mulkinsu a Maraɗi wajen 1819, bayan jihadi ya fitar da su daga Birnin Katsina, sun tarar da mazauna fadama da nasu tsari. Binciken Guy Nicolas, wanda ya fito a 1975, ya nuna cewa a wurin Anna na wannan fadama sana'a gado ce: akwai zuriyar noma, ta farauta, ta ƙira, da ta ruwa, kowace da sarkinta da tsafinta. Sarkin ruwa shi ne mai shiga tsakanin mutane da iskokin ruwa, don haka maganarsa a kan tafki ba ta buƙatar dogari.

Muna iya taƙaita wannan doka, kamar yadda aka san ta a ƙasar Hausa, cikin sharuɗɗa uku. Na farko, ana rufe ruwa tun yana cike, ba mai jefa taru ko homa sai an ba da izini. Na biyu, ana buɗe shi rana guda, bayan an yi shela a kasuwanni, kowa ya faɗa lokaci ɗaya, ɗan gari da baƙo. Na uku, ana fitar da rabon sarkin ruwa da na sarkin gari daga abin da aka kama. Mai dokar ya bayyana ta da harshen tsafi, amma sakamakonta a fili yake: watannin rufewa su ne watannin da kifi ke hayayyafa da girma.

Misalin da ya fi shahara shi ne na Argungu a ƙasar Kabi, inda bikin su ya ɗauki siffarsa ta yanzu tun ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu a 1934. A can ana tsare ruwan Matan Fada har ranar biki, kuma homa da gora kaɗai ake shiga da su. Abin da ya zama biki a Argungu, a ƙauyukan fadama harkar abinci ce ta kowace shekara.

4.0 Dokar takarda

Mulkin mallaka ya zo da wata fahimta dabam. Dokar 29 ga Satumba 1928, wadda ta shafi ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, ta sanya koguna da tafkuna cikin dukiyar hukuma. Daga nan ruwa ya tashi daga gadon zuriya ya koma mallakar gwamnati, aƙalla a rubuce, aikin tsaro kuma ya faɗa hannun ma'aikatan gandun daji (Eaux et Forêts). Jamhuriyar Nijar ta gaji wannan tsari bayan 1960. Ta kafa dokar su a 1971, sannan ta sabunta ta da doka mai lamba 98-042 ta 7 ga Disamba 1998.

Dokar 1998 ta kasa izinin su gida uku: na nishaɗi, na binciken kimiyya, da na kasuwanci. Ta haramta amfani da nakiya da guba, wanda ya haɗa da tsohuwar dabarar zuba magimfa a ruwa. Ta haramta tarun da ke share ƙasan tafki, da duk ragar da idonta bai kai yatsa uku ba, wato santimita 6. A 2021 aka fitar da sabuwar doka wadda ta haɗa su da kiwon kifi wuri ɗaya.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan izinin nishaɗi, domin shi ne ya fi nuna asalin wannan tsari. A Faransa, tun dokar 1941, mai fatsa sai ya shiga ƙungiya ya biya haraji kafin ya jefa ƙugiya. A jihar Minesota ta Amurka, inda tafkuna ke daskarewa da hunturu har a huda ƙanƙara a yi fatsa ta cikin ramin, doka ta ƙayyade zare biyu ga mutum ɗaya a kan ƙanƙara, ta kuma ƙidaya kifin da zai tafi da shi gida. Irin wannan doka an gina ta ne a kan mutum guda, mai albashi, wanda ke kamun kifi ranar hutu. Manomin Sarkin Yamma da ke sauka fadama da homa bayan girbi ba nishaɗi ya kai shi ba, ba kuma ɗan kasuwa ba ne. Miyar gidansa yake nema. Babu ɗaya daga cikin gidajen uku da aka yanka daidai da shi.

Ba muna cewa dokar takarda ba ta da amfani ba ne. Ragar leda mai ƙaramin ido da tarun ƴan kasuwa sun fi ƙarfin tsoron iskoki, musamman da Musulunci ya game ƙauyuka, tsafin ruwa ya ja baya. Ƙa'idar yatsa uku ta amsa matsalar da sarkin ruwa bai sani ba a zamaninsa. Amma dokar takarda tana buƙatar ma'aikaci a bakin kowane tafki, alhali dokar rufewa jama'a ne ke tsare ta da idonsu, domin wanda ya saci shiga ya ci rabon kowa.

5.0 Madatsar Jibiya

A 1989 aka kammala madatsar ruwa ta Jibiya a jihar Katsina, a kan kogin Gada, mai ɗaukar ruwa kimanin mita kubik miliyan 142. An gina ta don noman rani da ruwan sha. Daga lokacin, yawan ruwan da ke isowa fadamar Maraɗi ya daina zama lamarin damina kaɗai, ya zama har da shawarar masu buɗe ƙofar madatsa a wata ƙasa. Ga kuma yashi da ke cike tafkuna sakamakon sare itatuwa da faɗaɗa gonaki, abin da ya tsananta bayan farin 1973 da na 1984.

Ƙasashen biyu sun san da matsalar. A ranar 18 ga Yuli 1990 suka sa hannu kan yarjejeniyar Maiduguri game da raba ruwayen da suka yi tarayya a kansu, kuma Gada da Gulbin Maraɗi na cikin waɗanda aka ambata. Daga baya tafkin Madarunfa ya sami martaba a idon duniya: a 2006 Nijar ta gabatar da shi ga UNESCO, haɗe da gandun dajinsa da kaburburan waliyyai 99, a 2019 kuma ya shiga jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar. Duk da haka, suna a takarda ba ya cika tafki. Idan ambaliya ba ta kai fadama ba, kifi ba ya samun wurin yin ƙwai, kuma babu bambanci tsakanin mai izini da marar izini.

6.0 Kammalawa

Tarihin da muka bi ya nuna hannu uku a kan ruwa ɗaya: na sarkin ruwa, na ma'aikacin gandun daji, da na mai riƙe da ƙofar madatsa. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 (Code rural) ta amince da al'ada a matsayin tushen haƙƙi a kan ƙasa, zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 kuma ya ba Sarkin Yamma majalisarta. Saboda haka akwai hanyar da za a mai da ranar rufe tafki da ranar buɗe shi hannun mutanen gari, a bar wa gwamnati sha'anin raga da guba. Muna ganin aikin da ke gaban ɗalibanmu na tarihi shi ne su tattara, ƙauye bayan ƙauye, sunayen tafkunan fadama, da zuriyar da ke riƙe da kowanne, da watan da ake buɗe shi, tun dattawan da suka ga Gulbi kafin 1989 suna raye. Wannan bayani ne wakilan Nijar za su iya ajiyewa a kan tebur ranar da za a zauna maganar ruwan Jibiya.