Ƙyallen teburin pul da alamominsa

Ƙyallen teburin pul wani yadi ne na ulu, ko na ulu haɗe da nailan, wanda ake shimfiɗawa a kan faifan dutsen teburin da kuma robobin gefensa, domin ƙwallaye su riƙa gangarawa daidai. A kan wannan ƙyalle ake sa ɗigo da layukan da ke nuna inda za a jera ƙwallaye da inda za a yi bugun farko. Irin ƙyallen da tsarin alamomin sun bambanta tsakanin pul na Amurka, pul na Ingila da kuma sinuka, saboda haka wasan da za a riƙa yi shi ne abin da ake fara dubawa kafin a zaɓi ƙyallen teburin gida. A Najeriya jama'a sukan kira dukkan waɗannan wasanni da sunan sinuka, ko da yake akasarin teburan da ake gani a wuraren shaƙatawa na pul ne.

Tarihi

Wasannin biliyad, waɗanda pul da sinuka suka fito daga cikinsu, sun samo asali ne daga wasannin ƙwallo da sanda da ake yi a filin ciyawa a Turai. A ƙarni na 15 aka mayar da wasan cikin ɗaki a kan tebur, kuma ana ambaton Sarki Louis na 11 na Faransa cikin waɗanda suka fara mallakar irin wannan tebur. Ana danganta koren launin ƙyallen da ciyawar da wasan ya baro. Teburan farko na katako ne, kuma katako yakan lanƙwashe idan yanayi ya sauya. A farkon rabin ƙarni na 19 John Thurston, wani maƙerin tebura a Landan, ya shahara da amfani da faifan dutse a madadin katako, daga baya kuma roba ta maye gurbin tsummokaran da ake cusawa a gefen tebur. Da shimfiɗar ta daidaita, sai ingancin ƙyalle ya zama babban abin da ke bambanta gudun ƙwallo a wani tebur da wani.

Wasu masaƙun da ke yin ƙyallen sun daɗe ƙwarai. Kamfanin Iwan Simonis na yankin Verviers a Beljiyam ya faro ne a shekarar 1680, Hainsworth na kusa da birnin Leeds a Ingila kuma a 1783. Ƙyallen Strachan, wanda aka fi sani a gasannin sinuka, ana yin sa ne a garin Stroud na Ingila.

Nau'o'in ƙyalle

Ƙyallen ya kasu gida biyu, kuma bambancin yana farawa ne daga yadda aka sarrafa zaren.

Na farko shi ne ƙyalle mai gashi. Ana yin zarensa da gajerun silin ulu, sannan a tayar da gashin fuskar yadin bayan an saƙa. A irin wanda ake sa wa teburan sinuka da pul na Ingila, gashin yana kwanciya ta fuska ɗaya, daga ɓangaren da ake bugun farko zuwa ɗaya ƙarshen teburin. Ƙwallon da aka buga a hankali yana bin kwanciyar gashin tafiyarsa daban take da ta wanda ya saɓa mata, kuma ƙwararrun 'yan wasa suna lissafi da wannan. Akwai kuma mai gashi mai araha da ake sa wa teburan gida da na mashaya a Amurka. Yana da kauri, yana rage gudun ƙwallo, kuma idan yana sabo yakan tara 'yan dunƙulen gashi a samansa.

Na biyu shi ne ƙyalle sumul, wanda Turawa suka raɗa wa suna daga ƙauyen Worstead da ke yankin Norfolk a Ingila. Ana taje ulun har a cire gajerun sili, a murɗe dogayen da ƙarfi, a saƙa su a matse, sannan a aske fuskar yadin. Ba shi da gashi, har ana iya ganin saƙarsa da ido. Ƙwallo ya fi gudu a kansa, kuma tafiyarsa ɗaya ce ta kowace fuska. Ya fi mai gashi tsada. Daga cikin sanannun irinsa akwai Simonis 860, mai ulu kashi 90 cikin 100 da nailan kashi 10, da Simonis 760, mai ulu kashi 70 da nailan kashi 30, wanda ya fi na farkon gudu. Ƙa'idojin hukumar pul ta duniya, WPA, sun tanadi cewa a yi gasanninta na pul irin na Amurka a kan ƙyalle marar gashi wanda ba ya karkata ƙwallo ta wata fuska.

Zaɓin ƙyallen teburin gida

Tebur irin na Amurka yana da manyan ramuka da ƙwallaye masu faɗin milimita 57, kuma wanda yake son ya saba da yanayin gasa yakan sa masa ƙyalle sumul. Teburin Ingila ƙarami ne, yawanci ƙafa 6 ko 7, ƙwallayensa kuma ba su wuce milimita 51 ba, kuma a al'ada mai gashi ake sa masa. Girman tebur ma abin dubawa ne. Ƙyalle mai gudu sosai a kan tebur mai ƙafa 7 yakan wahalar da sabon ɗan wasa, domin farin ƙwallo yana wuce inda aka nufa da shi. A gidan da yara da baƙi ne suka fi wasa, mai kauri ya fi jure kuskuren sanda, kuma sauya shi bai kai na sumul tsada ba.

Aikin shimfiɗawa yana da tasiri kamar na ƙyallen kansa. Manyan tebura galibi faifan dutse uku ne ake haɗawa, a toshe mahaɗarsu da kakin zuma ko wani abin liƙi. Bayan nan ake ja ƙyallen da ƙarfi, a kafe shi a jikin katakon da ke ƙarƙashin dutsen, ko a manne shi da gam idan babu katakon. Ƙyallen da bai ja sosai ba yana rage gudu, yana tattarewa a gaban hannun ɗan wasa, kuma ya fi saurin yagewa. Idan mai gashi ne, wajibi ne a duba fuskar da gashin ya kwanta kafin a yanka, domin idan aka juya shi baya babu gyara sai an kwance.

Launi

Kore ne launin asali, kuma har yanzu shi ake amfani da shi a sinuka. A pul na Amurka shuɗi ya yaɗu sosai a gasanni, saboda ƙwallaye sun fi fitowa a kansa a talabijin. Ga teburin gida ana samun ja, toka-toka, ruwan ƙasa, baƙi da wasu launuka. Launi ba ya sauya gudun ƙwallo, amma yana iya ɓoye shi: baƙin ƙyalle yana haɗiye ƙwallo mai lamba 8, ja kuma yana haɗiye jajayen ƙwallaye. Ƙura da burbushin alli sun fi bayyana a kan launi mai duhu. Saboda haka akan sayi allin goga kan sanda mai launin da ya yi kusa da na ƙyallen.

Alamomi a pul na Amurka

Tsawon filin wasa ninki biyu ne na faɗinsa, kuma daga bakin robar gefe ake yin kowane awo. A jikin katakon gefe akwai alamomi 18, shida a kowane dogon gefe, uku a kowane gajeren gefe, ko 17 idan tambarin kamfani ya zauna a gurbin ɗaya. Waɗannan suna raba tsawon tebur gida takwas, faɗinsa gida huɗu.

Muhimmin ɗigo shi ne na jerin ƙwallaye. Yana tsakiyar faɗin tebur, a rubu'in tsawonsa daga ƙarshen da ake jeri, wato daidai da alama ta biyu a dogon gefe. A tebur mai ƙafa 9, wanda filinsa inci 100 ne da 50, ɗigon yana nisan inci 25, wato santimita 63.5, daga robar ƙarshe da kuma robobin gefe biyu. A teburin gida mai filin inci 88 da 44 nisan inci 22 ne. A ɗaya ɓangaren, a rubu'in tsawo shi ma, akwai layin da ake ajiye farin ƙwallo a bayansa lokacin bugun farko. Teburan gida da yawa ba a zana musu wannan layi, 'yan wasa sukan kwatanta shi da alamomin gefe. A wasan ƙwallo takwas, ƙwallon da ke bakin alwatika shi ke zama a kan ɗigo. A wasan ƙwallo tara al'ada ita ce a ɗora mai lamba 1, amma wasu manyan gasanni a yanzu suna ɗora mai lamba 9 domin bugun farko ya ƙara wuya.

Alamomi a pul na Ingila da sinuka

A pul na Ingila layin bugun farko yana kan kashi ɗaya cikin biyar na tsawon tebur, kuma ana zana shi a fili. Ɗigon yana inda layuka biyu suka gitta juna idan aka ja su daga ramukan tsakiya zuwa ramukan kusurwa. A lissafi wurin ɗaya ne da na Amurka, sai dai baƙin ƙwallon da ke cikin jerin ne ake ɗorawa a kansa, don haka alwatikar takan matso tsakiyar tebur. Tsofaffin tebura suna da rabin da'ira mai siffar harafin D a jikin layin.

Sinuka ta fi su yawan alamomi. A cikakken tebur, mai fili milimita 3569 da 1778, layin yana nisan milimita 737 daga robar ƙasa, rabin da'irar kuma an zana ta da tazarar milimita 292 daga tsakiyar layin. Ƙwallaye rawaya, ruwan ƙasa da kore suna zama a kan layin, shuɗi a tsakiyar tebur, ruwan hoda tsakanin shuɗi da robar sama, baƙi kuma milimita 324 daga robar sama.

Yadda ake sa ɗigo

Ana gano wurin ɗigo da zare biyu, ɗaya a ja shi ta tsakiyar tsawon tebur, ɗaya a gicciye tsakanin alamomin gefe, a sa alama inda suka haɗu. Wasu suna manna ɗan zagayayyen ƙyalle mai gam, wanda yake kare wurin daga cinyewa, tunda a nan ne bugun farko yake sauka da ƙarfi. Illarsa ita ce tudunsa yana iya karkatar da ƙwallon da ke tafiya a hankali. Wasu kuma suna yin ɗan ɗigo da fensir ko alƙalamin zanen tela, wanda ba ya taɓa tafiyar ƙwallo amma ba ya kare ƙyallen. Tawada ba ta fita idan ta shiga ulu, shi ya sa ake fara gwadawa da allin tela kafin a tabbatar da layi.

Kulawa

Ana share ƙyalle da buroshi mai laushi. Mai gashi ana share shi ta fuskar da gashin ya kwanta kaɗai, kuma na sinuka akan goge shi da dutsen guga na musamman domin gashin ya kwanta. Fararen tabon da ake gani a wurin bugun farko ƙuna ce daga zafin gogayyar ƙwallo da yadi, kuma ba ta wankuwa. Hasken rana yana kashe launi, danshi yana rage gudu, ƙura da burbushin alli kuma suna shiga cikin saƙa su riƙa cin zaren. A wuraren da ake fama da ƙura, kamar lokacin hunturu a Afirka ta Yamma, rufe tebur bayan kowane wasa yana ƙara wa ƙyalle tsawon kwana.