Zaki da Bindiga a Tarihin Ƙasar Barno

Masana harshe sun daɗe da yarda cewa kalmar bindiga baƙuwa ce a Hausa. Asalinta Larabci ne, wato bunduƙiyya, kuma Joseph Greenberg, a maƙalarsa ta 1960 kan tasirin Barebari a kan Hausawa, ya nuna yadda kalmomi da dama na mulki da ciniki da karatu suka shigo Hausa ta bakin Barno. Bindiga tana cikin wannan ayari, domin sigarta ta fi kusa da bəndəgə ta Barbarci. Albarushi da harsashi ma daga Larabci suke. Zaki kuwa ba a aro sunansa daga kowa ba: Bahaushe na da nasa, Babarbare na ce masa kurguli. Abin da wannan maƙala ke son dubawa shi ne yadda waɗannan biyu, ɗan gida da baƙuwa, suka zauna a ƙasa guda fiye da shekara ɗari uku, da kuma dalilin da ya sa baƙuwar ce ta yi saura.

Tarihin Kano ya ambaci wani ɗan sarautar Barno, Dagaci, da ya zo da bindigogi zamanin Sarki Dauda a ƙarni na 15. Masana tarihi da yawa suna shakkar wannan, amma ko ba kome ya nuna ta inda Kanawa suka ɗauka makamin ya fito. Tabbatacciyar shaida tana zamanin Mai Idris Alauma, a kashi na biyu na ƙarni na 16. Limaminsa Ahmad ibn Fartuwa ya rubuta cewa Mai ya sami Turkawa 'yan bindiga, ya kuma sa aka koya wa bayin fada harbi, aka yi amfani da su a yaƙin Amsaka. Akwai wasiƙun Sarkin Daular Usmaniyya Murad na III zuwa gare shi a 1577. Ke nan bindiga ta shigo Barno a matsayin kayan fada da kayan yaƙi. Talaka bai mallake ta ba, balle makiyayin da zaki ke yi wa ɓarna.

Ko a fagen fama ma ba ta kori kibiya ba. Dixon Denham, wanda ya isa Kukawa a Fabrairun 1823, ya tarar da dogaron Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi yana kan dawaki masu sulke da masu māshi na Kanembu. A watan Afrilu na wannan shekara ya ga yadda kibau masu dafi suka tarwatsa Larabawan Bu Khalum a Musfaya duk da bindigoginsu, shi kansa Bu Khalum kibiya ce ta yi ajalinsa. Denham ɗin nan ne kuma ya ba da labarin ɗan zakin da aka kawo masa talla a kasuwar Kukawa, an ɗaura masa 'yar igiya a wuya, yana ratsa jama'a. Wannan ɗan labari ya isa ya nuna cewa dajin zaki bai yi nisa da babban birnin daula ba.

To, da me mutanen karkara suka zauna da shi? Da shingen ƙaya, da wutar dare, da karnuka, da sanin lokaci. Larabawan Shuwa da Fulani sun san mashayar da ba a kai shanu da almuru. Binciken da aka yi a gandun dajin Waza na Kamaru, wanda ke daf da iyakar Barno, ya tabbatar da abin da makiyaya suka riga suka sani, wato ɓarnar zaki ta fi yawa da damina, lokacin da namun daji ke watsewa daga tafkuna shi kuma ya biyo dabbobin gida. Idan wani zaki ya saba da garke, sai a kira maharbi, wanda Barebari ke kira kandira, ya zo da baka da dafi da tarko, da kuma asirin da ya gada. Hikimar a fili take. Bindigar toka harbi ɗaya take yi, sannan a sake ɗura albarushi ta baki a danna. Wanda ya kuskure zaki ba shi da wannan sarari. Ba banza ba Hausawa suka laƙaba mata harba-ka-ruga, sunan da ya fi kowane dogon bayani faɗin gaskiyar makamin.

Bindigar zamani ta shigo da ƙarfinta ne tare da Rabeh. Ya ƙaru da makaman tawagar Bafaranshe Paul Crampel da aka hallaka a Dar al-Kuti a 1891, ya ci Barno a 1893, ya ƙone Kukawa, ya zauna a Dikwa har Faransawa suka kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu, 1900. Amma tun 1890 yarjejeniyar Brussels ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogi masu inganci, ta bar musu tsofaffin masu ƙanƙara. Turawan Ingila da suka kafa Yerwa a 1907 suka zaunar da Shehu Garbai sun bi wannan tsari, Dokar Makamai ta 1959 ma ta ware bindigar da ake ɗurawa ta baki a wani aji na daban. Sakamakon haka shi ne makamin da Turai ta daɗe da yar da shi ya zama na talaka, maƙeran gida suka ƙware wajen ƙera shi da gyaransa. Shi ya sa tara tsofaffin bindigogi a nan bai ɗauki sigar da ya ɗauka a Amurka ba, inda mai sha'awa ke saye ya jera a kabad. A nan gado ce. Tana rataye a ɗakin maharbi da layu a jikin kotarta, ko tana hannun 'yan bindigar fada, a cika ta da albarushi zalla ranar hawan salla.

Zakin kuwa a ƙarni na 20 ya ja baya, kuma zai yi wuya a ɗora wa adaka laifin duka. Gonaki sun ci daji, garkuna sun yawaita, an farauce gwanki da barewa da kanki waɗanda su ne abincinsa, guba da ake zubawa a mushe ta yi abin da kibiya ba ta taɓa yi ba. Keɓe dajin Sambisa a 1958 da kafa gandun Tafkin Chadi a 1991 ba su maido da shi ba. Binciken da Philipp Henschel da abokan aikinsa suka wallafa a 2014 ya ƙiyasta zakunan Afirka ta Yamma kaf da kimanin 400, a Nijeriya kuma Kainji da Yankari kaɗai aka tabbatar da su.

A watan Mayun wannan shekara ta 2014, bayan sace 'yan matan Chibok, ɗaruruwan maharba sun taru a Maiduguri da bindigogin toka da kwari da baka, suna neman izinin shiga Sambisa, dajin da kakanninsu suka yi farauta a cikinsa. Zakunan da yaran birnin suka sani kuwa su ne na keji a gidan namun daji na Sanda Kyarimi. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, ruwa ya mamaye gidan, hukumarsa ta ce fiye da kashi 80 cikin ɗari na dabbobin sun hallaka.