"Likita, zai tashi?": Tarihin wata tambaya

Ƴan uwa ɗalibai, in gudan jini ya toshe jijiyar da ke ciyar da zuciya, naman zuciyar yakan fara mutuwa cikin ƴan awoyi. Yau akwai allurar da ke narkar da gudan. Amma tambayar da dangi ke yi bakin ƙofar asibiti tana nan: zai tashi? Rai dai hannun Allah yake, kowa ya sani. Tarihin yadda likitoci suka koyi kimantawa nike son in ba ku.

Maganin daga ƙwayar cuta ya fito. A 1933, a birnin Baltimo na Amurka, William Tillett ya lura wata ƙwaya tana fitar da abin da ke narkar da daskararren jini, aka raɗa mishi suna sitireftokinas. An gwada shi ga masu ciwon zuciya tun 1958, sai dai likitoci suka yi ta gardama: gudan ne ke kawo ciwon, ko bayan ciwon yake samuwa? Sai a 1980 Marcus DeWood ya ɗauki hoton jijiyoyin waɗanda aka kawo cikin awa huɗu na farko, ya iske 87 cikin 100 a toshe ƙam.

Daga nan aka shiga ƙidaya. A Italiya, a 1986, binciken GISSI ya bi mutum fiye da 11,000: mutuwa ta sauka daga 13 cikin 100 zuwa 10.7, waɗanda suka samu allurar cikin awa ta farko kuwa, kusan rabi ta ragu.

To, ga wurin da ya fi ba ni dariya. A 1988 binciken ISIS-2 ya haɗa allurar da asfirin, mutum 17,187. Aka matsa ma masu binciken su faɗi wane rukunin mutane ya fi amfana. Sai suka rarraba su bisa burujin haihuwa, kamar masu duba! Lissafi ya "nuna" wai asfirin bai yi ma ƴan Jauza'u da Mizani amfani ba. Da gangan suka yi, don a gane in ka yayyanka alƙaluma ƙanana-ƙanana, ko ƙarya kake nema za su ba ka.

Amsa mai ƙwari ta zo a 1995, daga mutum 41,021 na binciken GUSTO. Kerry Lee da abokan aikinshi suka iske abu biyar ke ɗauke da kusan kashi 90 na hasashen wanda zai wuce kwana 30: shekaru, tansiyo, saurin bugun zuciya, alamun gazawarta, da ɓangaren da ya lalace. Shekaru suka fi nauyi nesa ba kusa ba: ƙasa da 45, mutum guda cikin 100 ya rasu, sama da 75, wajen 20. Ni abin da ya burge ni, huɗu daga ciki tambaya, yatsa, abin sauraren ƙirji da na awon tansiyo sun isa a gano su.

A 2000 aka mai da irin wannan lissafi ɗan jadawalin maki mai suna TIMI, daga 0 zuwa 14, wanda ake haɗawa gefen gado. Yawancin waɗanda aka ƙidaya Turai da Amurka suke, inda motar asibiti ke kusa. Cikin jadawalin, wanda ya wuce awa huɗu bai samu allura ba ana ƙara mishi maki guda na haɗari. Awa huɗu kuwa, wani a ƙauyukanmu bai ma gama neman motar da za ta kai shi Damagaram ba.