Littattafan Timbuktu: Wa Ya Ƙirga Kafin A Biya?

A watan Agustan 2025 gwamnatin Mali ta fara mayar da tsoffin rubuce-rubucen Timbuktu gida, bayan sun shekara 13 suna gudun hijira a Bamako. Komawar tasu ta tayar da tsohuwar gardama: guda nawa aka ceto, kuma wa ya ƙirga kafin a saki kuɗi?

Tun 1973 aka buɗe Cibiyar Ahmed Baba a Timbuktu domin adana takardun, mai ɗauke da sunan malamin nan da sojojin Maroko suka kai Marrakesh a 1594, wanda a fatawarsa ya lissafa Kano da Katsina cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Cibiyar ta daɗe tana lallaɓawa, sai a 2001 Shugaba Thabo Mbeki na Afirka ta Kudu ya kawo ziyara ya ga halin da takardun ke ciki. Ƙasarsa ta horar da ma'aikata, ta kuma gina sabon mazauni kusa da masallacin Sankore, aka buɗe shi a Janairun 2009.

Ginin bai shekara huɗu ba masu iƙirarin jihadi suka mamaye garin a 2012, suka mayar da shi masaukinsu. A ƙarshen Janairun 2013, sojojin Faransa na dosowa, suka cinna wa wasu takardu wuta suka gudu. Magajin garin, wanda a lokacin yana Bamako, ya shaida wa 'yan jarida cewa an ƙone ɗakin karatun, duniya ta ɗauka komai ya zama toka. Da ƙura ta lafa aka gano kusan 4,200 ne suka salwanta. Wajen 10,000 na nan lafiya a ɗakin ƙasa, inda maharan ba su taɓa ba, na tsohon ginin kuwa ma'aikata sun riga sun sulale da su a ɓoye.

Daga nan labarin ya rabu biyu. Abdel Kader Haidara, mai ɗakin karatu na gado kuma shugaban ƙungiyar SAVAMA, ya ce shi da mutanensa sun fitar da rubuce-rubuce fiye da 350,000 na gidajen malamai, cikin akwatunan ƙarfe, wasu a mota, wasu a kwale-kwale ta Kogin Neja. Ɗan jaridar Amurka Joshua Hammer ya rubuta littafi a 2016 yana jinjina masa. Da labarin ceton aka samo tallafi daga gwamnatin Jamus, da Gidauniyar Ford, da Asusun Yarima Claus na Holan.

Shekara guda bayan littafin Hammer, Charlie English na Ingila ya fitar da nasa littafin, inda ya kawo bakin masana irin su Bruce Hall masu ganin an kambama adadin da girman haɗarin. Hujjarsu ta fi kama hankali. Babu cikakken kundin sunayen takardun kafin rikicin, kuma a wannan lissafi wasiƙa mai warƙa ɗaya ko takardar cinikin gishiri guda ɗaya ce, daidai da tafsiri mai ɗaruruwan shafuka. Babu mai musun cewa mutane sun sayar da rai wajen kwashe kayan nan, kuma sun cancanci yabo. Amma masu ba da kuɗi sun yi cinikin biri a sama, domin mai karɓa shi ne mai ƙirga.

Abin da ya biyo baya ya fi tsari. Ɗakin karatu na HMML da ke Minnesota ya kai kyamarori Bamako, 'yan Mali suka riƙa ɗaukar hoton shafi bayan shafi, sannan a 2022 Google ya ɗora shafuka 40,000 a intanet.

Mu ma muna da irin wannan dukiya a ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House, da gidajen malamai a Sakkwato, Kano da Agadas. Duk gwamnatin da za ta ba da kwangilar mayar da su cikin kwamfuta, ta fara sa masana masu zaman kansu su ƙirga su rubuta sunayensu, a biya bisa shafin da aka gani, a kuma rubuta a yarjejeniya wa ke da mallakar hotunan da inda za a ajiye su.