Daga Kakuri zuwa Ibadan: Labarin Yekini a Bakin Wasu

Yau Kakuri za mu leƙa, tsallaken kogin Kaduna.

Zamanin da masaƙu ke aiki ba dare ba rana, masaƙar UNTL tana da ƙungiyar ƙwallo, kuma a can Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, ya fara taka leda. Shi ya ci wa Najeriya ƙwallon farko a Gasar Kofin Duniya, a ragar Bulgeriya, 1994.

To, bayan ya yi ritaya sai ya killace kansa a Ibadan. Jaridu suka ce ciwon damuwa ne, wasu suka ce taɓin hankali, kowa da abin da yake faɗa. Har ya rasu ranar 4 ga Mayu, 2012, yawancin abin da muka ji, a bakin wasu muka ji shi.

Ku gwada da Dele Alli, ɗan wasan Ingila mai uba ɗan Najeriya. A Yulin 2023 ya zauna da Gary Neville a YouTube, ya faɗa da bakinsa cewa ƙwayar barci ta kama shi, har ya yi jinyar mako shida a Amurka.

Mu kuwa, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya na nan Barnawa, maƙwabciyar Kakuri, amma har yau "sai an kai ka Barnawa" zolaya ce a majalisa.