Daftarin Rayayyu da Daftarin Matattu

Ilmin ajali yana wurin Allah, wannan babu jayayya. Sai dai tun ƙarni na 17 masana hisabi suka lura cewa abin da ya ɓuya game da mutum guda yana iya bayyana, bisa ƙiyasi, game da jama'a mai yawa, muddin an riƙe daftarin rayayyu da na matattu, aka kuma gwama su. John Graunt ne ya fara a 1662 da takardun mutuwa na Landan. A 1693 Edmond Halley ya ɗauki lissafin haihuwa da rasuwa na birnin Breslau, amma da yake bai da adadin mazauna garin, ala tilas ya ƙaddara cewa ba su ƙaruwa, ba su raguwa, kuma daga nan shakka ta shiga wannan fanni.

A Kano matsalar ta zo ta wata fuska. A zamanin En'e dagatai da masu unguwanni suna ƙirga magidanta saboda haraji, alhali mamaci, da an yi masa wanka da sutura an sallace shi, sai a kai shi makwancinsa a ranar, ba tare da alƙalami ya taɓa takarda ba. Dokar 1992 ta wajabta rajistar mutuwa, amma ƙalilan ke yi, ga shi kuma tun 2006 ba a sake ƙidaya ba.

Saboda haka aka koma ga dabarar William Brass, wato a tambayi uwa 'ya'ya nawa ta haifa, nawa ke raye. Dabara ce mai hikima, illa dai Bahaushiya tana kunyar ambaton ɗan fari, jaririn da ya koma kafin suna sau da yawa ba ya shiga lissafi, tsoho kuwa shekarunsa sittin ne ko saba'in, babu tsakani. Shi ya sa adadin matsakaicin tsawon rai na shekara hamsin da 'yan kai da ake ba Nijeriya ya kamata a karanta shi tsakanin iyaka biyu.

A Afrilun 2020, da mace-mace suka yawaita a Kano, wurin masu haƙa kabari na maƙabartar Dandolo da ke Goron Dutse da takwarorinsu aka fara jin adadi. Sai da aka bi iyalai ana tambayar yadda jinya ta kasance, kana a watan Yuni Ministan Lafiya ya ambaci mutum 979 da suka rasu, ya ce mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari korona ce.