Auren Boganda da Michelle Jourdain

Barthélemy Boganda, jagoran gwagwarmayar 'yancin ƙasar Ubangi-Shari wadda a yau ake kira Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ya auri Bafaranshiya Michelle Jourdain a ranar 13 ga Yunin 1950. Sun haɗu ne a birnin Paris, inda take aikin sakatariya a majalisar dokokin Faransa, shi kuma yana wakiltar ƙasarsa tun 1946.

Auren ya tayar da ƙura. Boganda shi ne ɗan ƙasar na farko da ya zama limamin Katolika, kuma coci ta dakatar da shi tun 1949 saboda wannan alaƙa. 'Yan mishan da Turawan mulkin mallaka suka riƙe maganar, suna neman zubar masa da mutunci. Talakawa kuwa, daga ƙauyukan Lobaye har zuwa unguwannin baƙar fata na Bangui, ba su juya masa baya ba. A zaɓen 1951 suka sake tura shi majalisa duk da adawar hukuma.

 Boganda ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1959.